Ina Kike Tsaye, Durra?

Sunana Durra. A shekarar da na kammala karatun kwamfuta a nan Safakis, ba na jin akwai wanda ya kai ni yarda da kansa a duk unguwarmu. Kaina cike yake da dabaru, kafin in gama faɗar ɗaya wata ta riga ta taso. Wannan ba laifi ba ne. Laifina shi ne gaggawa, da kuma raina duk wani ƙaramin aiki da ba a yabon mutum a kansa. Idan abu ya yi aiki sau ɗaya a kwamfutata, to a wurina ya gama yin aiki a ko'ina.

Wata biyu da karɓar takardata na sami aiki a wani ɗan kamfani mai rubuta manhajoji, a saman shagon masu sayar da taru da igiyoyin jirgi, ba nisa da Bab Diwan, ƙofar tsohon gari. Mu uku ne kawai. Akwai Nizar, wanda ya girme ni da shekara bakwai, bakinsa ba ya hutawa. Sai mai wurin, Si Munsif, dattijo da ya haura sittin, wanda ya fara wannan sana'a tun kafin a haife ni.

Si Munsif yana da wata ɗabi'a da take ba mu dariya. Duk wanda yake ba kwamfuta umarni a baƙin allo, to a tsaye yake a cikin wata folda, kamar yadda mutum yake tsaye a wani ɗaki na gida. Idan ya ce a share nan, ɗakin da yake ciki za a share. Shi Si Munsif ba ya buga kowane umarni sai ya fara buga wasu haruffa uku da suke tambayar kwamfuta: ina nake tsaye? Ko minti ɗaya ya yi da tambaya, sai ya sake.

"Si Munsif, har yanzu kana Safakis," in ji Nizar. "Tun safe idona yana kanka, ban ga ka motsa ba."

"Kai da kana duba inda kake kafin ka danna," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba, "da ba ka aika wa surukarka saƙon da ka rubuta wa matarka ba."

Nizar ya kama kai. "Shekara uku ke nan fa! Ba za a manta ba?"

"Ita surukar ta manta?"

Yana kuma da doka ɗaya. Duk jerin umarnin da muka rubuta don girka manhaja a kwamfutar wani, sai an gwada shi daga wuri uku: daga cikin foldarsa, daga foldar farko da kwamfuta take buɗewa, sannan daga wata folda da ya cika da tarkacen fayiloli, wadda ya sa wa suna gidan baƙo. Za ka ƙirga fayilolin gidan baƙo kafin gwaji, ka sake ƙirgawa bayan gwaji. In ɗaya ya ɓata, aikinka bai fita daga ofis ba. Ni a raina ina cewa wannan aikin tsofaffi ne. A jami'a ba mu taɓa yin haka ba, kuma ga ni na fito da sakamako mai kyau.

A ƙarshen watan Nuwamba wata mata ta hawo matattakalarmu tana haki, riƙe da kwando. Lalla Zuhur ce, malamar makaranta da ta yi ritaya, daga tsibirin Karkana. A cikin kwandon akwai busasshen ɓaure da ta kawo mana, a ƙarƙashinsa kuma wata tsohuwar kwamfuta a naɗe cikin tawul.

Shekara huɗu ta yi tana zagaya ƙauyukan tsibirin da 'yar na'urar ɗaukar murya, tana sa tsofaffi su faɗi yadda ake kafa sharfiya, tarkon kifin nan na rassan dabino, da sunan kowane wuri a cikin teku da gidan da ya gaje shi. Murya ɗari da sittin da uku ta tara. Duk lokacin da na'urar ta cika, sai ta juye a kwamfutar ta goge na'urar. Abin da take so shi ne manhajar da za ta rubuta sunan wuri ko sunan kifi, ta nuna mata wa ya ambace shi, kuma a minti na nawa.

"Kusan arba'in daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya," in ji ta. "Na farko ma maigidana ne, Rayis Ajmi. A kansa na koyi danna na'urar. Awa ɗaya da minti goma yana zuba. Shekara ɗaya bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Duk Juma'a nake kunna shi in yi shara, sai in ji kamar yana tsakar gida."

Si Munsif ya dube ni. "Aikinki ne, 'yata. Amma kafin ki taɓa komai, ki yi mata kwafi a wani faifan."

Na ce to. Da na jona faifan sai kwamfutar ta nuna cewa kwafin zai ci awa biyu da rabi, ga Lalla Zuhur tana son kama jirgin ruwa na ƙarfe biyu. Nan take wata dabara ta faɗo mini. Me zai sa in yi kwafi ɗaya da hannu, alhali zan iya sa manhajar ta riƙa yin kwafi da kanta kullum, a wuri uku? Na ɗauki murya biyar kawai don gwaji, na cire faifan, na naɗe mata kwamfutarta. Da yamma Si Munsif ya tambaye ni ko an yi kwafin.

"Yana cikin tsari," na ce.

Ban yi ƙarya da baki ba, amma na san abin da ya ji, kuma na bar shi a haka.

Mako uku na yi ina gina manhajar, kuma har yau ina cewa ta yi kyau. Na saka mata taswirar tsibirin. Na saka hanyar rage gudun murya saboda tsofaffin da ba su da haƙora. Har wani ɗan kifi na zana da haruffa, wanda zai fito a allo idan an gama girkawa, a ƙarƙashinsa an rubuta: An gama lafiya! Jerin umarnin girkawar kuwa a cikin minti ashirin na rubuta shi, ina cin burodi da yajin harisa. Layinsa na farko yana cewa: shiga foldar wucin gadi da take nan gefenka. Na biyu yana cewa: share duk abin da yake ciki. Sauran layukan su sauko da manhajar su ajiye ta a mazauninta. Na gwada sau goma, sau goma kifin ya fito. Duk sau goman ina tsaye a cikin foldata, inda foldar wucin gadin take a gefena.

A tsakiyar Disamba Si Munsif ya tafi gonarsa tsinkar zaitun, kamar yadda rabin garin yake yi. Yana ɗaura mayafin wuyansa ya ce, "Kada ki aika komai sai na dawo Litinin. Kin kai shi gidan baƙo?"

"Zan kai shi."

Ranar Alhamis Lalla Zuhur ta kira ni. Matasan ƙauyensu za su taru ranar Asabar, tana so ta nuna musu aikin, ko an gama? Na hango yaran suna kallon taswirata suna mamaki. Na hango Si Munsif ya dawo ya tarar an riga an yaba. Gwajin gidan baƙo minti biyar ne, ban yi ba.

"An gama, Lalla. Yanzu zan turo miki, sai mu girka tare ta waya."

Nizar ya leƙo ta saman allonsa. "Injiniya, tsohon fa ya ce Litinin."

"Tsohon yana kan bishiya," na ce. "Ka bar mu mu yi aiki."

Ta sauke fayil ɗin. Na ce ta buɗe baƙin allon nan. Ta buɗe shi yadda na taɓa nuna mata ranar da ta zo, wato daga cikin foldar muryoyin, domin nan kaɗai take shiga a kwamfutar. Ban tambaye ta ba. Na ce ta jawo fayil ɗin ta jefa a cikin baƙin allon, ta danna babban maɓalli.

"Wasu rubuce-rubuce suna ta gudu," in ji ta. "Na farkon ja ne, amma ya wuce."

"Ba komai, Lalla, haka yake yi."

Bayan minti huɗu ta fashe da dariya. "Kai! Ga kifi! 'Yata, ke kika zana wannan? Sai dai ya rame, a Karkana ba za mu saya ba."

Ni ma na yi dariya. Na ce ta buɗe manhajar, ta nuna mata inda muryoyin suke. Na ji tana dannawa, tana sake dannawa.

"'Yata, ina muryoyin?"

"Suna cikin foldarsu, Lalla."

"Ina cikin foldar. Fari fat take. Ko manhajar ce ta kwashe su ta kai wani wuri?"

Na buɗe jerin umarnina na dubi layi biyun farko. A inda take tsaye babu wata foldar wucin gadi. Layin farko ya nemi shiga, bai samu ba, shi ne jan rubutun da ta gani. Ban gaya masa ya tsaya idan ya kasa ba, don haka ya zauna a inda yake. Layi na biyu kuma ya yi abin da na ce: ya share duk abin da yake ciki. Murya ɗari da sittin da uku. Sannan kifina ya fito ya ce an gama lafiya.

Nizar bai yi wasa ba a wannan karon. Shi ya buga wa Si Munsif, ya miƙo mini wayar. Ina jin ƙarar mata suna karkaɗe rassa a bayansa. Na faɗa masa komai a jere, har da maganar kwafin da ban yi ba. Na jira faɗa.

"A ina take tsaye?" ya tambaya.

"A cikin muryoyin."

Ya ja numfashi. "Ki kira ta yanzu. Kada ta buɗe komai, kada ta rufe komai. Ta danne maɓallin wuta har kwamfutar ta mutu. Duk abin da aka rubuta a faifan nan daga yanzu, a kan muryar wani zai zauna. Gobe ki hau jirgin farko ki ɗauko ta da hannunki."

"Si Munsif, ni..."

"Wannan maganar tana jira, 'yata. Faifan ba ya jira."

Washegari na hau jirgin safe. Awa ɗaya da 'yan mintoci ne zuwa tsibirin, amma ban taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Na shirya jawabin neman gafara kala uku. Da Lalla Zuhur ta buɗe ƙofa, duk suka gudu. Kwamfutar tana kan tebur, an riga an naɗe ta a tawul ɗinta. Gidan shiru. Tsintsiya tana jingine a bango, sai a lokacin na tuna cewa ranar Juma'a ce.

"Lalla, laifina ne. An ce in yi kwafi ban yi ba. An ce in gwada ban gwada ba. An ce in jira ban jira ba."

Ta dube ni. Idanunta sun kumbura.

"Kin karya kumallo?"

"A'a."

"To zauna. Shekara talatin da biyu ina koyarwa, ban taɓa ganin yaron da ya gyara kuskurensa da yunwa ba."

Ta zuba mini miyar kifi, ta tsaya a kaina har na cinye. Da zan tafi ta ɗora mini kwandon a hannu, ta riƙe shi kaɗan kafin ta saki.

"Na sauran, idan sun tafi, zan ba iyalansu haƙuri," in ji ta. "Amma ki nemo mini Ajmi."

Da na isa ofis na tarar da Si Munsif ya baro gonarsa, yatsunsa baƙi ƙirin da ruwan zaitun. Bai kunna kwamfutar ba. Ya kwance ta, ya ciro faifan, ya fara yin kwafinsa gaba ɗaya a wani faifan, har da wuraren da suke kamar babu komai. Awa biyar muna kallo. Ya ce a kan kwafin za mu yi aiki, na asalin kuma ya sa shi a aljihun tebur ya kulle.

"Idan an share fayil," in ji shi, "sunansa ake gogewa daga jerin sunaye. Shi kansa yana nan kwance har sai an ɗora wani abu a kansa. Ki gode wa Allah tsohuwar kwamfuta ce, da irin sababbin nan ce da sai dai addu'a. Amma manhajarki ta sauka bayan sharar. Ta zauna a kan wani abu. Ba mu san ko mene ne ba."

Zuwa ranar Lahadi ya tsamo fayiloli sama da ɗari bakwai. Babu mai suna a cikinsu, sai lambobi. Wasu muryoyin tsofaffin ne, wasu tsofaffin waƙoƙi ne da aka goge tun shekaru, wasu ƙara ce kawai. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya cewa wannan muryar wane ce. Lalla Zuhur ta ɗage taron matasan, ta hawo jirgi da littafinta na rubutu, ta sauka a gidan ƙanwarta a nan cikin gari. Kullum ƙarfe takwas tana kan kujera a gefena.

Ni nake kunnawa, ita take faɗar suna. Sau da yawa kafin mutum ya gama sallama ta gane shi.

"Wannan Khala Mabruka ce. Ki rubuta, amma kifin da take cewa mijinta ya kama, ki rage rabi."

"Wannan fa?"

"Ammi Sadok. Allah ya jiƙansa. Minti arba'in zai yi yana zagin maƙwabcinsa kafin ya zo kan tarko."

Nizar ya ɗauki nauyin abincin rana ba tare da an sa shi ba. Yakan shigo da kwanonin lablabi, miyar wake mai ƙwai, yana cewa, "Ga na masu tonon kabari. Injiniya, naki babu ƙwai, kada ki share shi." Lalla Zuhur takan ce masa, "Kai ɗan nan, da kana ajina da kullum kana bakin ƙofa." Shi kuma ya ce ai a bakin ƙofar ya yi duk karatunsa.

Ina yi musu dariya, amma idona yana kan lissafin. A rana ta uku mun sami sittin. A ta shida ɗari da talatin. A ta takwas da la'asar muka kunna fayil na ƙarshe, muka rubuta suna na ɗari da sittin da biyu. Kowa ya dawo, sai mutum ɗaya.

Lalla Zuhur ta rufe littafinta a hankali. "Alhamdu lillahi," ta ce. "Ɗari da sittin da biyu ba kaɗan ba ne. Shi dama bai taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba." Ta yi murmushi, ta ɗauki jakarta. Ina jin takunta a matattakala, tana tsayawa a kowane hawa.

Na zauna ina kallon allon. A gefe akwai wata folda da na sa wa suna tarkace. Duk fayil ɗin da na kunna na ji ƙara, ba na wuce daƙiƙa goma, sai in jefa shi can in wuce na gaba. Sun kai tamanin. Si Munsif yana sa rigarsa ta sanyi ya tsaya a bayana.

"Waɗannan fa?"

"Ƙara ce kawai."

"Kin ji su har ƙarshe?"

Na ce a'a. Ya gama sa rigarsa ya fita.

Washegari na riga kowa zuwa. Na sa abin ji a kunne, na fara daga na farko, kowane fayil daga farkonsa har ƙarshensa. Ƙarar tana huda kai kamar ana yanka ƙarfe. Sau da yawa hannuna ya kai kan maɓallin tsallakewa, na janye shi. Da Lalla Zuhur ta zo yin sallama, domin ta yanke komawa gida a jirgin yamma, na roƙe ta ta zauna ta sha shayi.

Wajen azahar na kai fayil na talatin da ɗaya. Ya fara da ƙarar jan kujera, sai ƙarar ƙarfen nan ta rufe komai. Na tuna shi, a rana ta biyu na jefar da shi. Minti biyar, ƙara. Minti goma sha biyar, ƙara. A minti na ashirin da biyu ƙarar ta yanke kamar an rufe famfo, sai na ji kukan tsuntsayen teku da muryar wani namiji mai kauri. Na cire abin jin, na mayar da sautin ga lasifika.

"...Zuhur, wannan abin naki yana ji kuwa? Ko ni kaɗai nake ta zuba kamar rediyo?"

Kofin shayin ya tsaya a hannunta. Daga cikin lasifikar muka ji muryarta ita ma, tana cewa ya ci gaba mana, yana ɓata mata batir. Ya yi dariya, wata irin dariya mai tari a ƙarshe. Lalla Zuhur ta ajiye kofin, ta rufe fuska da mayafinta, kafaɗunta suna rawa. Ban san ko kuka take ko dariya ba, ina jin duka biyun ne. Nizar ya tashi ya ce zai duba wani abu a ƙasa. Si Munsif ya cire tabarau yana ta goge shi. Babu wanda ya tsayar da muryar. Minti arba'in da takwas muka zauna muna jin Rayis Ajmi yana bayanin yadda ake karanta ruwa kafin a kafa reshen farko.

Da ya gama na ce, "Lalla, minti ashirin da biyun farko ba za su dawo ba. A nan manhajata ta zauna."

Ta share ido, ta kaɗa hannu. "Wannan? Tari ne kawai da ƙorafin shayi ya huce. Kin ma hutar da ni. Ai maganar daga nan ta fara."

Ta sumbace ni a goshi, ta kama jirginta. A wannan karon kwandon ya tafi da kwamfuta da faifai biyu na kwafi, na uku kuma yana aljihun teburin Si Munsif.

Littafinta ta bar mini don in shigar da bayanan cikin manhajar. Bayan kwana biyu na buɗe shafin farko. Da kyakkyawan rubutunta na malamai ta rubuta: Rayis Ajmi. Minti ɗaya zuwa ashirin, yadda mahaifinsa ya ba shi wurinsa a teku, da ranar da ya fara ganina a cikin jirgi, da waƙar da ya yi mini.

Na daɗe a kan shafin. Sannan na kai wa Si Munsif, na nuna masa da yatsa. Ya karanta sau biyu.

"Zan kira ta," na ce. "Zan gaya mata na gani."

Ya rufe littafin, ya mayar mini. "Kyauta ta ba ki, 'yata. Kada ki mayar mata."

Ban kira ta ba. Na koma kujerata na buɗe jerin umarnin. Gyaran layi uku ne. Na farko ya sa jerin ya fara gano inda shi kansa yake ajiye, ya auna komai daga can, ba daga inda mai amfani yake tsaye ba. Na biyu ya ce idan wani mataki ya kasa, a tsaya cak. Na uku ya hana share komai sai da cikakken adireshinsa tun daga tushe. Minti shida suka ɗauke ni. Na kai shi gidan baƙo, na ƙirga fayiloli kafin, na ƙirga bayan. Sai a lokacin Si Munsif ya zauna kusa da ni ya ce, "To, yanzu mu yi maganar da na ce tana jira." Ya yi mini faɗa sosai, musamman a kan kalmar nan ta yana cikin tsari. Bai kore ni ba. Da ya gama ya ce shi ma a shekararsa ta farko ya taɓa share aikin wani, kuma tun ranar yake buga haruffan nan uku.

An yi taron matasan a watan Janairu, ni na riƙe kwamfutar. Kafin in kunna komai na buga haruffa uku. Nizar, da ya biyo mu don cin kifi, ya leƙo daga baya ya ce, "Kina Karkana, Injiniya! Yanzu sun zama biyu, Allah ya cece mu." Har yau duk Disamba kwandon ɓaure yana hawo matattakalarmu, kuma duk Juma'a Rayis Ajmi yana magana a tsakar gidansa, yana farawa daga minti na ashirin da biyu.

Darasin da na ɗauka, kuma nake so duk mai irin halina ya ɗauka, shi ne wannan: abin da ya yi aiki a inda kake tsaye ba lallai ya yi aiki a inda wani yake tsaye ba, don haka ka tambayi inda kake kafin ka ba da umarni, ka kuma gwada aikinka a wurin da ba naka ba kafin ka miƙa shi ga mutane. Ƙaramin aikin da kake rainawa, kwafin awa biyu ko gwajin minti biyar, sau da yawa shi ne yake tsare amanar da aka ba ka. Dabara baiwa ce, amma idan gaggawa ta ja ta, wanda bai ji ba bai gani ba ne yake asara. Idan kuma ka yi kuskure Allah ya haɗa ka da mutanen da suka fara gyara kafin su yi faɗa, suka rufa maka asiri alhali su aka cuta, to ka gode musu ta hanya ɗaya da ta dace: kada ka sake.